Uku sun shiga rami ɗaya a yadi 100, a yadi 600 kuma sun watse: ina matsalar take?

Ɗan_Zazzau_Houston:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar ɗura harsashi da hannu. Wata biyar ke nan da na sayi Remington 700 ta hannu, mai cin .300 Winchester Magnum, tsawon bututunta inci 26, murɗin cikinsa zagaye ɗaya a inci 10. Ba farauta nake yi ba, harbin allo kawai, kuma burina in kai yadi 1,000 kafin ƙarshen shekara. Ina amfani da ƙwayar Sierra MatchKing mai nauyin giren 200 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne), albarushin H1000, da firaimar Federal 215M, wato 'yar hular gindin kwanso da ke kunna albarushi. Na fara daga mafi ƙarancin awon da littafi ya bayar, ina ƙara rabin giren a kowane mataki, kowane mataki harbi uku. Wani mataki a tsakiya ya ba ni abin da ban taɓa gani ba, ukun nan suka shiga kusan rami ɗaya a yadi 100, faɗinsu bai kai sulusin inci ba. Har hoto na tura wa yayana a Zariya. Na dawo gida na ɗura hamsin irinsa. Ranar Asabar na je yadi 600, na harba goma, sai ga su sun yi layi daga sama zuwa ƙasa, tsakanin na sama da na ƙasa inci 9. To jama'a, albarushin zan canza, ko zurfin zaman ƙwayar zan taɓa?

Maharbi_Ohio:
Wa alaikumus salam. Kafin ka canza komai, ɗana, amsa mini abu huɗu. Kana da na'urar auna gudun harsashi? Kwansunanka duk na kamfani ɗaya ne, kuma sau nawa aka harba kowanne? Da wane irin sikeli kake awo? Sannan goman nan a cikin minti nawa ka harba su?

Ɗan_Zazzau_Houston:
Ranka ya daɗe Alhaji. Na'urar ba tawa ba ce, wani Bature da ke kusa da ni ya ara mini Garmin ɗinsa. Tsakanin mafi gudu da mafi sanyi ƙafa 58 a daƙiƙa. Kwansuna kuwa gaskiya gauraye ne, wasu daga harsashin kanti da na harba, wasu wanda ya sayar mini da bindigar ya haɗo ni da su a leda. Sikelin ɗan ƙarami ne na batir. Goman kuma ban fi minti biyar ba. In ana so in rubuta awon da na tsaya a kai, sai in rubuta.

Shugaban_Zaure:
Kada ka rubuta, Malam. Dokar zauren nan ce tun farko: ba a rubuta adadin albarushi, ko na wane ne. Awon da ya zauna lafiya a bindigarka yana iya fasa ta wani. Kowa ya koma littafin kamfanin albarushinsa ko na ƙwayarsa, ya fara daga ƙasa. A ci gaba da magana a kan hanya da dalili.

Maharbi_Ohio:
To ai ka amsa kanka da kanka. Kwanson da ka ce gauraye ne, nan zan fara ɗora yatsa. Daga waje duk girmansu ɗaya, amma kaurin bangonsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma a .300 Win Mag bambancin nan yana da yawa fiye da yadda mutane ke zato. Mai kaurin bango cikinsa ya fi ƙanƙanta, awo ɗaya ka zuba amma matsin da zai tashi ba ɗaya ba ne, gudu ma haka. Waɗanda aka ba ka a leda kuwa ba ka san tarihinsu ba. Ni da ni ne, kwandon shara zan kai su bayan na lanƙwasa bakinsu da filaya. Sayi ɗari sababbi na kamfani ɗaya, zubi ɗaya, Lapua ko Norma ko Peterson, duk wanda aljihunka ya iya, ka riƙa harba su tare kana gyara su tare.

Injiniya_Rabi:
Baba Alhaji ya yi gaskiya a kan kwanso, amma ni ina ganin matsalar ta faro tun kafin nan. Malam Ɗan Zazzau, ramin nan guda da ka tura wa yayanka hotonsa, sa'a ce. Ba wulaƙanci ba, lissafi ne. In ka ɗauki harsashi iri ɗaya sak, awo ɗaya, ka harba uku-uku sau goma, dole a samu wani ukun da ya matse ƙwarai da wani da ya baje, alhali babu abin da ya canza. Kai kuma ka harba matakai da yawa, ka zaɓi wanda ya fi kyau, ka ce ka gano awon bindigarka. Goman da ka harba a yadi 600 su ne suka faɗa maka gaskiyar abin da ka ɗura. Inci 9 a yadi 600 daidai yake da inci ɗaya da rabi a yadi 100. Ina kyautata zaton da a yadi 100 ɗin ka harba ashirin a takarda ɗaya, abin da za ka gani ke nan.

Baban_Hanif:
Hajiya Injiniya, ban yarda da ke ɗari bisa ɗari ba. Hanyar hawa tsani, wato ƙara awo mataki-mataki ana duba inda harbi ke sauka, da Creighton Audette ya fito da ita, da ta Dan Newberry da ake harba matakai bi da bi, mutane sun ci gasa da su shekara da shekaru. Ba za a ce duk sa'a suke bi ba. Ni da idona na ga inda matakai uku a jere suka sauka wuri ɗaya a yadi 300, na ɗauki na tsakiya, kuma har yau da shi nake harbi.

Injiniya_Rabi:
Ban ce ba su ci gasa ba, Yaya. Tambayata ita ce, da sun ɗauki matakin da ke gaba ko na baya, da sun faɗi? Ka taɓa maimaita tsanin nan sau uku a ranaku daban-daban ka ga ko wurin da ya kwanta yana nan inda yake? Masu gwaji na kamfanin harsashi na Hornady sun yi ta nanata wannan magana a 'yan shekarun nan, cewa in aka harba ashirin ko talatin a kowane mataki, yawancin bambancin da ake gani a harbi uku ko biyar ɓacewa yake. Bryan Litz, masanin tafiyar harsashi, shi ma ya daɗe yana jan kunne a kan yanke hukunci da harbi kaɗan. Mutanen da suke cin gasa suna da bututu mai kyau, kwanso mai kyau, kuma sun iya karanta iska. Kowane awo mai hankali suka ɗauka zai yi musu aiki.

Baban_Hanif:
Sau ɗaya na yi, ban maimaita ba. Amma ke ma ki duba, wa zai harba talatin a kowane mataki da magnum? Kafin ka gama bincike bututun ya gama aiki.

Maharbi_Ohio:
Nan kam Baban Hanif ya taɓo inda ke ciwo. Magnum ba a yi masa dogon bincike. Albarushin da .300 Win Mag ke ƙonawa a harbi ɗaya ya kusa ninka na .308 sau biyu, kuma duk wutar nan ta rami mai faɗi ɗaya take bi. Maƙogwaron bututu, wato daidai inda ƙwaya ke fara kama tsagar ciki, shi ke fara cinyewa. Bututuna na farko a wajen harbi 1,400 ya fara jefar da ɗaya-ɗaya waje a nesa, alhali .308 ɗina ta wuce 4,000 tana nan da sauranta. Shi ya sa nake cewa a rage abubuwan da za a gwada. Albarushi ɗaya, ƙwaya ɗaya. Ka hau a hankali don ka san inda matsi ke fara nuna kansa, ka ja baya sosai daga wurin, ka ɗauki awo biyu kacal ka harba ashirin-ashirin. Wanda ya fi, ko ma in sun yi kunnen doki ka ɗauki na ƙasa, shi ke nan, ka tafi koyon iska.

Bakano_Na_Gida:
Ku yi haƙuri da tambayar wanda bai sani ba. Ni ina Kano, ɗan'uwana ne ya saka ni a zauren nan. Me ya sa mutum zai zauna yana auna gari kamar mai sayar da yaji, alhali kuna ƙasar da ake sayar da harsashi a kanti?

Ɗan_Zazzau_Houston:
Malam Bakano, abu biyu ne. Na farko kuɗi: harsashin gasa na wannan bindiga ya haura dala uku duk ɗaya a inda nake saye, kwanso kuwa shi ne mafi tsada a cikinsa, kuma ana sake amfani da shi. Na biyu, na kanti an yi shi ne ya shiga kowace bindiga a duniya, naka kuwa kana ɗinka shi ne daidai jikin taka, kamar bambancin rigar kanti da ta tela.

Sarkin_Yawo_AZ:
Maganar sauƙin kuɗi dai a bar ta, kada a yaudari bawan Allah. Injin matsawa, dayi (ƙarfen da ake matsa kwanso a ciki ya koma girmansa), sikeli, abin datse kwanso, na'urar gasa wuyan kwanso, na'urar auna gudu. Uwargida ta taɓa zama ta lissafa mini abin da ke cikin garejina, ta ce da fili na saya a Damaturu da yanzu an yi masa katanga. Laba ɗaya ta albarushi giren 7,000 ce, kuma a magnum ba ta kai ka harsashi ɗari. Wanda ya ga 2020 da 2021, lokacin da firaima ta ɓace a kantuna kamar fetur a watan Disamba, ya san ba araha ake nema a harkar nan ba.

Shugaban_Zaure:
Tunda Malam Bakano ya shigo, bari in maimaita abin da muke faɗa kullum. Wannan hira ta mazauna ƙasashen da doka ta yarda ce. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi don kansa, aikin hukuma ne, irin su DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da ke Kaduna tun 1964. Duk wanda ya nemi a koya masa don ya yi a gida, ko a aika masa da kayan, fita zai yi daga zauren nan a ranar. Mu ma na Amurka a kula: ɗalibi ko mai bizar ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai da wasu 'yan sharuɗɗa kamar lasisin farauta, kuma a wurin dokar, kwanso da firaima da albarushi duk harsashi ne. Ɗura wa kanka halal ne a dokar tarayya, sayarwa kuwa sai da lasisi. Jihohi kuma kowace da nata.

Bakano_Na_Gida:
Wallahi tambaya ce kawai, ranka ya daɗe. Ni ko kaza matata ce ke riƙe mini in zan yanka.

Zango_Boy_Bronx:
Mu nan New York ai sai kallo. Kafin ka samu takardar ajiye doguwar bindiga a cikin birni ka yi furfura, filin yadi 600 kuwa sai ka yi tafiyar awowi. Ina karanta ku ne kawai ina jin daɗi.

Ɗan_Damagaram_Calgary:
Maganar Bakano ta mai sayar da yaji ta tuna mini da kakana, Allah ya jiƙansa. Maharbi ne a wajen Mirriya, da bindigar toka. A tafin hannu yake auna albarushi, ya zuba ta baki, ya tura tsumma, ya danna da sanda. Bai taɓa sanin giren ba, amma yana da ƙa'idarsa da ba ya ƙetarewa, kuma ba ya yarda wani ya ɗura masa. Ranar da na nuna wa babana sikelina a bidiyo, mai auna ƙwayar gari ɗaya-ɗaya, dariya ya yi har da hawaye.

Maharbi_Ohio:
Allah ya jiƙan maza. Amma a lura, garin kakanka da namu ba abu ɗaya ba ne. Nasa baƙin albarushi ne, irin wanda 'yan bindigar sarki ke tayar da hayaƙi da shi a hawan Sallah, matsinsa kaɗan ne, shi ya sa awon mudu ke isarsa. Namu marar hayaƙi ne, da nauyi ake auna shi, kuma iyakar matsin da hukumar SAAMI mai tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka ta sa wa .300 Win Mag laba 64,000 ne a kan kowane inci murabba'i. Wannan abu yana tashi ne inci kaɗan daga idonka. Wanda ya zuba irin namu a bindigar toka ya haɗa wa kansa bam.

Sarkin_Yawo_AZ:
Bari in dawo da mu kan Ɗan Zazzau, don akwai abin da ba a taɓo ba: zafi. Ka ce goma a minti biyar, a Houston. Malam, bututun magnum bayan harbi biyar a jere ba ya taɓuwa da hannu. In ka tura harsashi cikin ɗaki, wato mazauninsa a gindin bututu, mai zafi ka tsaya kana gyara saiti na rabin minti, gasa shi kake yi, zai fita da gudu fiye da na farko ya sauka sama. Ni abin ya taɓa cin ni. Na gama gwajina a watan Janairu da sanyin safiya, komai lafiya. A watan Yuli, zafi ya haura digiri 43, na bar akwatin harsashin a rana kan tebur. Harbi na uku sakatar bindiga ta ƙi ɗaguwa sai da na buge ta da tafin hannu, na duba gindin kwanso, firaima ta fice, ga tambarin ramin fitarwa ya kwanta a kan rubutun yana ƙyalli. Ranar na tattara na koma gida, na zare ƙwayoyin saura arba'in ɗaya bayan ɗaya. Laifina ne, na tsaya dab da iyaka a lokacin sanyi. H1000 da kake amfani da shi yana cikin waɗanda zafi bai cika juya su ba, amma bai cika ba daban, ba ya yi daban.

Ɗan_Zazzau_Houston:
Yanzu da ka faɗa, na koma na duba lambobin da na ɗauka a waya. Huɗun ƙarshe su ne mafi gudu. Sakata dai ba ta yi nauyi ba, amma firaimomin sun ɗan baje.

Maharbi_Ohio:
Bajewar firaima ita kaɗai ba hujja ba ce, wasu suna da taushi, kuma in kwanso yana da sarari da yawa a ɗaki ma takan baje. Nauyin sakata da ƙyallin gindi sun fi ta faɗin gaskiya, sai dai kafin su bayyana ka riga ka wuce iyaka. Abin da na fi dogara da shi na'urar gudu ce. In gudunka ya wuce na littafi a tsawon bututu irin naka, to matsinka ma ya wuce, ko kwanso ya nuna ko bai nuna ba. Babu gudun da ke zuwa kyauta. Haka kuma kada wani ya ce bari ya yi ƙasa da mafi ƙarancin littafi don ya ji sauƙin duka a kafaɗa. Albarushi mai jinkirin ci a babban kwanso da ba a cika ba yana da nasa haɗarin.

Injiniya_Rabi:
Na saka lambobinka a manhajar lissafi, Malam. Da ƙwaya irin taka, bambancin ƙafa 10 a daƙiƙa yana motsa ta kamar kashi biyu cikin uku na inci a yadi 600, a yadi 1,000 kuma kusan inci biyu. Ke nan ƙafa 58 ɗinka ta ci wajen inci 4 cikin 9 ɗin nan. Saura 5 ba gudu ba ne. Ko bindigar ce, ko mai riƙe da ita. A yadi 1,000 kuwa gudun kaɗai zai ba ka kusan ƙafa guda daga sama zuwa ƙasa, alhali da'irar maki goma a allon gasar harbin nesa ta F-Class inci 10 ce, ta tsakiya kuma inci 5.

Baban_Hanif:
"Ko mai riƙe da ita." Hajiya ta faɗa a hankali, ni bari in faɗa da ƙarfi. Magnum tana duka. Bayan harbi shida ko bakwai jiki yakan fara karɓar dukan tun kafin ya zo, kafaɗa ta tura gaba, ido ya ƙifta, kai ba ka sani ba. Ka sa wani ya ɗura maka, ya riƙa saka na wofi, wanda ba ya tashi, a tsakani ba tare da ka sani ba. Ranar da ka ja kunama a kan na wofi ka ga bakin bindiga ya yi sujada, za ka daina zargin albarushi. Kuma yadda kake danna ta a kafaɗa da yadda jakar da ke tallafe gindin bindiga ke zaune, in suka canza daga harbi zuwa harbi, sama da ƙasa za ka gani.

Ɗan_Zazzau_Houston:
Wannan ta shige ni, Yaya. Kafaɗata ta yi kwana biyu tana tsami.

Mai_Ɗamara_MN:
Ban ga wanda ya yi maganar ɗamara ba, ga shi ita ce ke kashe kwanson wannan harsashi. Zoben nan da ke gindin kwanso gado ne daga .375 H&H na kamfanin Holland & Holland na Landan, 1912. Shi wancan kafaɗarsa, wato inda kwanso ke tsukewa zuwa wuya, ba ta da tudu, sai aka yi masa ɗamara ta tsayar da shi a ɗaki. Da Winchester ta fito da .300 ɗinta a 1963 ta ba shi kafaɗa sosai, amma ta bar ɗamarar, don a lokacin in ba ɗamara mutane ba sa ganin abu a matsayin magnum. Matsalar ita ce, in ka murɗa dayi har ƙasa yadda takardar cikin kwali ta ce, kana mayar da kafaɗar baya da yawa kowane zagaye. Ka harba ta miƙe, ka matse ta koma, kwanson yana sirancewa daidai saman ɗamara. Ni a zagaye na huɗu ɗaya ya rabu biyu, gindi ya fito, gangar jiki ta maƙale a ciki, hayaƙi ya bugo ni a fuska. Gilashin ido ne ya cece ni bayan ikon Allah. Ka sayi abin auna kafaɗa, ka mayar da ita baya da kashi biyu cikin dubu na inci kawai, wato 0.002, ka manta da ɗamarar. Sannan ka miƙe wayar maƙale takarda, ka lanƙwasa bakinta, ka riƙa shafa cikin kwanso. In ka ji ta faɗa wani kwari kusa da gindi, ko ka ga zobe mai haske daga waje, jefar. Waɗannan na leda da Alhaji ya ce ka zubar, gwada su da wayar kafin ka zubar, don ka ji yadda abin yake.

Maharbi_Ohio:
Madalla da wannan. In ƙara da wuya. Wuyan .300 Win Mag gajere ne, inci 0.264, bai ma kai faɗin ƙwayar da yake riƙewa ba, 0.308. Riƙon da kowane wuya ke yi wa ƙwaya in bai zo ɗaya ba, gudu ba zai zo ɗaya ba. Kwanson da aka harba sau biyar ba a gasa wuyansa ba ya yi tauri, ba zai riƙe kamar sabo ba. Kana jin bambancin ma a hannunka lokacin da kake danna ƙwaya. Duk wanda ya shiga da sauƙi ko da gardama fiye da 'yan'uwansa, ware shi gefe don harbin share bututu.

Sarkin_Yawo_AZ:
Ko kuma ya huta da duk wannan ya koma .300 PRC. Hornady ta fito da shi a 2018, babu ɗamara, wuya ya fi tsawo, kuma an yi shi ne don dogayen ƙwayoyi. Tsawon harsashinsa inci 3.700, na Win Mag 3.340, shi ya sa in ka sa doguwar ƙwaya a Win Mag don ta shiga gidan harsashi sai ta nutse cikin kwanso ta cinye wurin albarushi.

Mai_Ɗamara_MN:
Kai dai Sarkin Yawo kullum maganinka a sayi sabuwa. Ba kai ne uwargida ta yi wa lissafin fili ba? Harsashi mai ɗamara ne Ben Comfort ya ci kofin Wimbledon na harbin nesa da shi a Camp Perry a 1935, .300 H&H, a yadi 1,000, da madubi da ƙwayoyin wancan zamani. Mai harbin allo ɗaya-ɗaya yake sakawa, gidan harsashi bai dame shi ba.

Ɗan_Damagaram_Calgary:
Ni tambayata daban. In allo ne kawai, me ya kai shi magnum tun farko? F-Class ɗin nan da ake magana, daga sunan wani mutumin nan Kanada aka samo shi, George Farquharson, kuma in ka je layi yau a rukunin da ba a ƙayyade harsashi ba, .284 Winchester da danginsa za ka fi gani, sai 'yan .300 WSM. Harbi ashirin ake ƙirgawa a jere, kuma ba a yarda da birkin baki, abin rage duka da ake ɗaurawa a bakin bututu, ba. Ashirin da Win Mag babu birki, sau uku a rana, sai mai ƙashi. Su kuwa suna jure abin da suke harbawa ne don bindigar tana iya kai kilo 10.

Ɗan_Zazzau_Houston:
Gaskiya ita na samu da araha, kuma sunan ya burge ni. Ban san haka take cin kuɗi da kafaɗa ba.

Baban_Hanif:
Ai ba kai kaɗai ba ne. Rabin zauren nan haka muka fara. Amma zurfin ƙwaya da ka tambaya tun farko babu wanda ya amsa maka. MatchKing ba ta da fitina a wannan, tana jure tsalle, wato tazarar da ƙwaya ke yi kafin ta kama tsaga. Auna inda take taɓa tsagar bututu, ka ja baya kamar 0.020, ka bar ta nan. Kada ka cusa ta cikin tsaga, matsi yana tashi, kuma wata rana za ka buɗe sakata ƙwaya ta maƙale, gari ya zube maka cikin kunama. Tunda bindigar ta hannu ce, awon nan ma zai nuna maka ko maƙogwaron ya yi nisa.

Ɗan_Zazzau_Houston:
Salam, na dawo da rahoto bayan mako biyu. Na gwada na ledar da waya kamar yadda Mai Ɗamara ya ce, cikin talatin da ɗaya, bakwai suna da kwarin nan. Jikina ya yi sanyi. Na sayi sababbi ɗari. Sikelin kuma na gwada shi da ma'aunin gwaji, sai na ga yana yawo in fanka tana kunne, na ari mai hannu na wani abokin aiki. Da sabon kwanso na sake farawa daga ƙasa, na tsaya ƙasa da inda nake a da. Na harba ashirin a yadi 600, biyar-biyar, ina barin bututu ya huce, akwati a inuwa. Bambancin gudu ya sauko zuwa ƙafa 26. Sha takwas sun zauna cikin inci 6 daga sama zuwa ƙasa, biyu sun fice ƙasa, da su ya zama 8 da ɗoriya. Ɗaya na san ni ne, na ji lokacin da na tura kafaɗa. Ɗayan ban san dalilinsa ba.

Injiniya_Rabi:
Ka ƙirga da su duka biyun, Malam. Allo ba ya cire wanda ka san kai ne.

Baban_Hanif:
Ni kuma na ce yanzu ne lokacin tsani, tunda kwanso ya daidaita. Matakai biyar kawai, a yadi 300.

Maharbi_Ohio:
Sababbin kwansuna ne, ba su ma ɗauki siffar ɗakin ba tukuna. Ka gama harba ɗarin, ka mayar da kafaɗa yadda aka ce, ka sake auna gudu a zagaye na biyu, don yakan ɗan canza. Ka duba kusoshin da suka riƙe bindigar a jikin katakonta da na madubi da abin auna ɗauri. Wanda ya sayar maka ya faɗa maka harbi nawa bututun ya yi?

Ɗan_Zazzau_Houston:
Ya ce bai fi ɗari biyu ba, Alhaji.

Mai_Ɗamara_MN:
Mutumin da ya haɗo ka da leda cike da kwansunan da suka kusa rabuwa? Nemi mai madubin leƙa bututu ya duba maka maƙogwaron kafin ka ƙara sayen albarushi.

Sarkin_Yawo_AZ:
In ya leƙa ya ga ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ina nan da maganata ta PRC.

Ɗan_Zazzau_Houston:
Akwai wani maƙerin bindiga a hanyar wurin aikina, ya ce in kawo ta ranar Laraba bayan la'asar.